HUNTURU DA WUTAR JIN ƊUMI A AREWACIN ZAMFARA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Tsaba, ko a Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙauran Namoda a cikin watan Disamba ko Janairu, ya san irin yadda gari yake wayewa a wannan yanki na arewacin Jihar Zamfara. Rana takan ɓullo dushi-dushi, har mutum ya iya ƙura mata ido ba ta kashe masa gani ba. Hazo yakan rufe itatuwan bayan gari, leɓɓa su bushe, dugadugai su yi faso. A ƙofar gidaje da bakin masallatai da makarantun allo an tara kara da kirare an cinna wuta, manya da yara sun kewaye ta suna miƙa tafin hannu. In kuwa aka kasa kunne wajen cikin gida, ba abin da ya fi yawa sai tari, musamman na ƙananan yara.

Idan aka tambayi uwa abin da ya sami ɗanta, galibi amsar ɗaya ce: sanyi ne ya kama shi. Maganin sanyi a wurinta kuwa sananne ne, watau a ƙara itace a wuta, a cusa tsumma a taga, a ja ƙyaure. Ba wanda zai ga laifinta, domin haka ta taras ana yi, kuma ɗarin da take gudu ba na wasa ba ne. Sai dai binciken likitoci ya nuna cewa sau da yawa wannan magani shi ne yake rura cutar.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bambance abubuwa biyu da suke gurɓata iskar da ake shaƙa a lokacin hunturu. Na farko ƙura ce wadda take tasowa daga nesa, ba kuwa wanda yake da ikon tare ta. Na biyu hayaƙi ne wanda yake tashi daga murhu da kasko a cikin gida, shi kuwa rage shi yana hannun maigida da uwargida. Za a dubi asalin kowannensu, da ɓarnar da sukan yi idan sun haɗu a ƙirji ɗaya, sa'an nan a kawo hanyoyin da za a ji ɗumi ba tare da an cutu ba.

2.0 Sanyi, Ɗari da Hunturu a Bakin Bahaushe

Ya kamata a fara da harshe, domin yadda mutum ya kira abu, haka yake neman maganinsa. Bahaushe yana da kalmomi da dama game da wannan lokaci na shekara. Hunturu shi ne busasshiyar iskar nan da take kaɗowa daga arewa maso gabas tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko farkon Maris. Ɗari shi ne busasshen sanyin da take zuwa da shi. Hazo kuwa shi ne farin duhun da ƙura take yi a sararin sama. Idan ɗari ya kai matuƙa, sai a ji ana maganar jaura ko muku-muku.

Kalmar sanyi ta fi waɗannan duka faɗi, domin ita sunan yanayi ce, kuma sunan cuta ce. Mura sanyi ce, ciwon gaɓoɓi sanyi ne, ciwon haƙarƙari ma akan ce sanyi ne ya shiga ƙirji. To, tun da sunan cutar sanyi, sai hankali ya ba da cewa maganinta zafi, watau wuta da ruwan zafi da yaji. A nan ne kalma take iya rufe wa mutum ido, domin abin da yake sa yaro numfashi da ƙyar ƙwayoyin cuta ne da suka sami hanyar shiga huhu, kuma hayaƙin wutar da aka hura dominsa yana cikin manyan masu buɗe musu wannan hanya.

3.0 Asalin Ƙurar Hunturu

Mafi yawan ƙurar da take rufe ƙasar Hausa ba daga gonakin bayan gari take tashi ba. Babban tushenta wani kwari ne a arewacin ƙasar Chadi da ake kira Bodele, kusa da garin Faya Larjo, fiye da kilomita 1,000 daga Zurmi. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farin gari mai laushi na ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa. Iskar da take fitowa daga hamada takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar yadda iska take ƙara ƙarfi idan ta bi lungu, ta faɗa wa kwarin ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Masana suna ɗaukar Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har wani ɓangare na ƙurarsa yakan tsallake Tekun Atilantika ya kai Kudancin Amurka.

Ƙurar tana da nata amfani, domin idan ta sauka a gona tana ƙara wa ƙasa wasu sinadarai. Amma a jikin ɗan Adam aikinta daban ne. Iskar da take ɗauke da ita ba ta da laima ko kaɗan, saboda haka takan busar da majinar da take rufe cikin hanci da maƙogwaro. Wannan majina ita ce garkuwar farko da take kama datti da ƙwayoyin cuta. Idan ta bushe, fatar ciki takan tsattsage, shi ya sa haɓo yake yawa a wannan lokaci.

Har wa yau akwai wani abu game da daren hunturu da ya kamata a lura da shi. Da faɗuwar rana ƙasa takan huce da sauri, har ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 15 kafin asuba. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka takan kwanta a ƙasa, mai ɗumin ta zauna a kanta kamar murfin tukunya. Hayaƙin da ya fito daga gidaje ba ya samun hanyar hawa sama, sai ya shimfiɗu a kan unguwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ganin hayaƙi kwance a kan ƙauye da magariba da kuma sassafe. Ke nan, a daidai lokacin da aka fi hura wuta, a lokacin ne iska ta fi kasa kwashe hayaƙinta.

4.0 Wutar Jin Ɗumi a Gidan Bahaushe

Ana iya kasa wutar hunturu gida uku. Akwai wutar waje, irin ta dandali da ta makarantar allo, inda almajirai suke karatun dare da na asuba a haskenta. Wannan ita ce mafi sauƙin illa, domin hayaƙinta yana da wurin zuwa. Akwai wutar girki, wadda a lokacin zafi ake hura ta a tsakar gida, amma da ɗari ya matsa sai a mayar da ita cikin madafi ko rumfa, wani lokaci ma cikin ɗakin kwana, don a yi tuwo a kuma ji ɗumi da itace guda. Ta uku ita ce wutar ɗaki, watau kaskon garwashi ko gungumen itace da ake bari yana ci har gari ya waye, musamman a ɗakin tsofaffi da na marasa lafiya.

Ɗakin da ya fi kowane shan wuta shi ne na maijego. Bisa al'ada, mace takan yi kwana 40 tana wankan ruwan zafi safe da yamma, tana shan kunun kanwa, a wasu gidajen kuma tana kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, musamman Davidson da Parry, suka danganta ciwon zuciyar da yakan kama mata bayan haihuwa da wannan gashi da kuma yawan kanwa. Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne jaririn da yake kwance a gefen uwar, wanda numfashinsa na farko a duniya a cikin wannan hayaƙi yake yin sa.

Wani zai ce ai kakanni ma da wuta suka kwana, ba abin da ya same su. Amsa ita ce ɗakinsu ba irin na yau ba ne. Ɗakin jinka yana numfashi: hayaƙi yakan ratsa shibci ya fice, ƙofa kuma asabari ne ko tufaniya. Soron ƙasa mai kaurin bango kuwa yakan sha zafin rana ya riƙe, ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare, saboda haka bai cika bukatar wuta ba. Ɗakin zamani mai rufin kwano ya haɗa aibu biyu. Kwano ba ya riƙe ɗumi, yana hucewa da zarar rana ta faɗi, don haka mai ɗakin ya fi bukatar wuta. Ga shi kuma an sa masa ƙyauren ƙarfe da tagar ƙarfe, hayaƙin da ya shiga ba shi da mafita. An canza gini, amma ba a canza al'adar wuta ba. Ko a ɗakin jinkan ma, baƙar kunkunniyar da take rataye a sama shaida ce ta abin da mazaunansa suka daɗe suna shaƙa.

5.0 Abin da Yake Cikin Hayaƙi

Idan itace ya ƙone ƙurmus, da isasshiyar iska da isasshen zafi, abin da yake fitarwa ba shi da yawan cutarwa. Hayaƙi alama ce ta cewa ƙonuwar ba ta cika ba. Abubuwa uku ne suke jawo haka: ɗanyen itace, ƙarancin iska, da wuta mai ci a hankali. Itacen da aka saro yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne, saboda haka wuta takan ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da ruwan, sai a sami hayaƙi mai yawa da ɗumi kaɗan. Gungumen da aka bari yana turnuƙa cikin rufaffen ɗaki kuwa ya haɗa dukkan ukun.

Abu na farko mai haɗari a cikin hayaƙi shi ne ɓurɓushin da ido ba ya gani, wanda masana suke kira PM2.5. Sai an jera kimanin 30 daga cikinsa kafin ya kai kaurin silin gashi guda. Gashin hanci ba ya tare shi, tari ba ya fitar da shi, yakan wuce har ƙarshen huhu, wani ma ya shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ɗakin da ba shi da mashigar iska, yawan wannan ɓurɓushi yana iya ninka abin da aka amince da shi har sau 100.

Abu na biyu shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga jini, takan manne wa jajayen ƙwayoyinsa da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, sai jiki ya rasa iskar da yake rayuwa da ita. A nan akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutane sukan jira sai gawayi ya ruru, hayaƙi ya ɗauke, sa'an nan su shigar da kasko ɗaki, a zatonsu haɗari ya wuce. Alhali kuwa jan garwashin nan yana ci gaba da fitar da wannan iska har ya zama toka. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Mai barci ba ya jin ko ɗaya daga ciki. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi gaba ɗaya da ciwon kai, ko aka tarar da su a sume, akan zargi abincin jiya ko a ce iskoki ne suka taɓa su, a manta da kaskon da yake gindin gado. Injin janareta da aka kunna cikin ɗaki ko a bakin taga ma irin wannan kisa yake yi.

6.0 Haɗuwar Ƙura da Hayaƙi

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙura da bushewar iska su ne suke tsaga bangon da rana. Da dare kuma hayaƙi ya zo ya kashe ƙarfin ƙananan gasusuwan da suke share hanyar numfashi, ya raunana ƙwayoyin da suke yaƙi da cuta a huhu. Cunkoson mutane a rufaffen ɗaki shi ne yake kawo ƙadangaren, domin tarin mutum ɗaya kowa zai shaƙa.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Hukumar ta kuma ce kusan rabin yaran da ciwon huhu yake kashewa, hayaƙin gida yana da hannu a ciki. Wannan magana ta shafi Nijeriya ƙwarai, domin rahoton da Asusun UNICEF ya fitar a 2019 ya nuna cewa limoniya ta kashe yara 162,000 a ƙasar nan a cikin 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Yaro ya fi babba shiga haɗari saboda yana numfashi da sauri, hanyoyin iskarsa ƙanana ne, kuma yawanci yana goye a bayan uwarsa a gindin murhu. Yaron da yunwa ta riga ta raunana kuwa abin ya fi tsanani a kansa. A gwajin da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi a Shinkafi da Zurmi cikin Yuni 2024, an sami kimanin yaro ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa.

Manya ma ba su tsira ba. Matar da ta shekara 30 tana hura murhu tana iya samun tari da toshewar numfashi irin na wanda ya daɗe yana shan taba, alhali ba ta taɓa sa sigari a bakinta ba. Ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da yanar ido duk suna cikin abubuwan da aka danganta da daɗewa ana shaƙar hayaƙi.

Sai kuma sanƙarau. Arewacin Zamfara yana cikin zirin ƙasashen nan da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, wanda wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya bayyana a 1963 a matsayin matattarar wannan cuta. Cutar takan ɗaga kai da shigowar hunturu, ta yi tsanani a bazara, ta lafa da saukar damina. A 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Annobar 2016 zuwa 2017 kuwa daga ƙasar Zurmi ta soma cikin Disamba 2016, ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da sauran jihohi, ta kama fiye da mutum 14,000, ta kashe fiye da 1,100. Ƙwayar cuta ce take kawo sanƙarau, amma bushewar maƙogwaro da cunkoso suna taimaka mata. Wani bincike da aka yi a arewacin Gana, aka buga a 2001, ya gano cewa waɗanda suke shaƙar hayaƙin murhun itace a madafi sun fi saurin kamuwa da ita.

7.0 Tsadar Itace da Rashin Tsaro

A da, itace ba abin damuwa ba ne a wannan yanki. Dajin Zamfara, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, yana gabas da Zurmi da Ƙauran Namoda, cike da marke da ƙirya da geza da sabara. Marke itacen wuta ne na gari, ƙirya kuwa gawayinta maƙera suke nema. Mai yin itace yana da zaɓi, sai busasshe yake ɗauka. Yawan jama'a da faɗaɗa gonaki da saran gawayi don kai wa birane sun rage dajin. Daga wajen 2011 kuma rashin tsaro ya shigo, dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu suka zama maɓoyar 'yan bindiga, shiga daji neman itace ya zama sayar da rai. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina, maƙwabciyar Zurmi, ta kai ga hana motoci ɗauko itace daga daji saboda dalilan tsaro, Zamfara kuma ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci.

Wannan hali ya ƙara wa hayaƙi dafi ta hanyoyi biyu. Da farko, wanda ya rasa busasshen itace ba ya zaɓe: yakan ƙona ɗanyen reshen dogon yaro, ko kara, ko kandilo, har ma da leda da roba da tsohuwar taya, waɗanda hayaƙinsu ya fi na itace guba. Na biyu, mutanen ƙauyuka da suka gudo cikin garuruwa sun cunkushe a ɗakunan 'yan'uwa da makarantu da kangaye, ba isasshen mayafi, sai wuta. Cire tallafin kananzir a 2016 da tashin farashin gas da sauran kayan masarufi bayan 2023 sun kuma mayar da gidaje da yawa ga itace da gawayi. Saboda haka duk shawarar da za a ba mutumin Birnin Tsaba dole ta zama wadda aljihunsa zai iya ɗauka.

8.0 Darasi Daga Wasu Wurare

Ba ƙasar Hausa kaɗai ta gamu da wannan matsala ba. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952, sanyi ya sa mutanen Landan suka cika murahunsu da kwal, irin murfin iskar nan da aka ambata a baya ya danne hayaƙin a kan birnin. A lokacin an ƙiyasta mutum 4,000 ne suka mutu, binciken baya kuwa ya kai adadin wajen 12,000. Wannan ne ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956. A 2021 kuma Ingila ta hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙananan ɗauri, sai wanda ruwan jikinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Darasin a nan shi ne bushewar itace babban al'amari ne, har ƙasa ta yi masa doka.

Game da murhu, an yi gwaji a tsaunukan Guwatemala, aka buga sakamakonsa a 2011. An gina wa wasu gidaje murhu mai bututun fitar da hayaƙi waje, sai hayaƙin da yara suke shaƙa ya ragu da kimanin rabi, limoniya mai tsanani kuma ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Amma a Malawi, inda aka raba ingantaccen murhu marar bututu, aka bi yara fiye da 10,000, sakamakon da aka buga a 2017 bai nuna raguwar limoniya ba. Ke nan rage cin itace abu ne mai kyau, amma fitar da hayaƙin daga inda yaro yake shi ne yake ceton rai.

A nan kusa, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera murahu masu tsimin itace, a Nijar kuma tun shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. A ƙasar Maraɗi, wadda take iyaka da arewacin Zamfara, manoma sun soma wata dabara tun 1983, wadda ake kira sassaben zamani: maimakon a sassabe dukkan tohon kututture a gona, sai a bar biyu ko uku mafi ƙarfi su girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Manomin da yake da kalgo da sabara da gawo a gonarsa yana iya sassaƙe rassa da wuri ya shanya, ba sai ya shiga daji ba.

9.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Ba za a ce wa mai jin ɗari ya kashe wuta ba, sai dai a nuna masa yadda zai zauna da ita lafiya.

Na farko, a tanadi itace tun da kaka, a faskara shi, a jera shi a kan duwatsu inda iska za ta ratsa shi. Kada a tayar da wuta da leda ko roba ko fetur.

Na biyu, a ɗumama ɗaki kafin kwanciya, sa'an nan a fitar da kasko waje ko a kashe shi da ƙasa. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, ko da ba ya hayaƙi. Muddin akwai wuta a ciki, a bar taga ko wata kafa ta sama a buɗe.

Na uku, a raba wurin girki da wurin kwana. Mai girki ta sauke goyo ta ba wani ya riƙe nesa da murhu. A dafa ruwan maijego a tsakar gida, a kuma nisanta jariri da hayaƙi. Ɗumin ƙirjin uwa da hula da safa da zane mai kauri sun fi masa wuta.

Na huɗu, mai hali ya yi wa ɗakin kwano silin, ko da na tabarma ne ko zana, domin yana riƙe ɗumi. Magina kuma su riƙa barin ƙananan kafofi a saman bango.

Na biyar, a san alamun haɗari. Idan jariri ɗan wata 2 zuwa 11 yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 sau 40 ko fiye, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi, to abin ya wuce mura, a garzaya asibiti. Zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya ma haka. Wanda aka tarar a sume kusa da kasko, a buɗe ƙofa, a fitar da shi fili nan take, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Na shida, a kai yara allurar rigakafi. Tun 2014 aka shigar da allurar limoniya cikin jerin na yara a Nijeriya, a 2024 kuma ƙasar nan ta zama ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da take kare mutum daga nau'i 5 na sanƙarau.

10.0 Kammalawa

An ga cewa iskar hunturu tana da magurɓata biyu. Ƙurar Bodele za ta ci gaba da zuwa kowace shekara kamar yadda ta saba, iyakar abin da mutum zai yi shi ne ya rufe hanci da rawani ko mayafi, ya yawaita shan ruwa. Hayaƙin ɗaki kuwa aikin hannu ne, ana iya rage shi da busasshen itace, da buɗaɗɗiyar taga, da fitar da kasko kafin barci, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Hakkin hukuma ne ta samar da tsaro da makamashi mai sauƙi da magani a asibitoci. Amma isar da wannan bayani ga uwar da take Birnin Tsaba ko Moriki ko Dauran aiki ne na limamai da ungozomomi da malaman makarantun allo da gidajen rediyo, da kuma ɗaliban Hausa, waɗanda suka san cewa kalmar sanyi tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Idan aka gudu daga ɗari aka rufe kai da hayaƙi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.